Wuƙar Baba da ta Bobore

A Pattada, can kan tudu inda iska ba ta hutu,
maƙeri Nanneddu ya sa babanmu jira
wata bakwai cur, don wuƙar aljihu guda.
Kuɗin 'yan raguna uku ya zube kan uwar maƙera.
Innarmu ta kwana biyu ba ta ce masa uffan ba.

Ƙotar ƙahon rago ce mai launin zuma,
ruwanta siriri kamar ganyen zaitun.
In ka buɗe ba ta ƙara, in ka naɗe ba ta gardama,
sai ɗan numfashi, kamar mai barci ya juya.

Wana Bobore kuwa, a bakin jirgin ruwa a Olbia
ya tsinci tasa a faranti, tsakanin tabarau da madubai,
yuro tara, har da kwali.
Ya jera ta da ta Baba a kan teburin abinci:
"To, ware min 'yar halas a ciki."
Daga nesa dai tagwaye ne.
Baba bai ɗauka ba. Ya ƙwanƙwasa ƙotar da farce:
"Roba ce ta ci ado. Kama da wane ba ta wane."

Ba zan yi wa jabun sharri ba, ta yanka.
Daren da tunkiya ta sarƙe wuya a igiyar shinge
ita ce a hannun Bobore, ita ta fid da rai.
Ta yanka cuku, ta fere sanda, ta datse reshen inabi.
Sai da sanyi ya shigo ƙusarta ta fara lilo,
ran nan ta rufe a kan yatsansa. Ɗinki huɗu.
Ya ɗura mata ashar, ya wurga ta cikin ƙaya,
ran kasuwa ya sayo ƙanwarta.

"Ku lissafa," in ji shi, "talatin tawa, taka ɗaya.
Tawa in ta faɗi a jeji ko waiwaye ba na yi.
Kai fa?"
Nan ya ɗaure Baba, don duk mun tuna
shekarar da ta zame masa a hanyar rafi:
kwana uku dattijo na rarrafe cikin duwatsu,
garke na kuka, madara na tsami,
har ya gan ta a gindin wata bishiya,
ya zauna daɓas yana goge ta da bakin riga.
Na tambayi kaina, wa ya mallaki wani a tsakaninsu?

Shekara ashirin da shida dutsen wasa na cin ta,
ta rame kamar mai ita,
babban yatsansa ya bar ɗan kwarmi a ƙahon.
Bayan mun binne shi na kai ta maƙera.
Jikan Nanneddu ya ɗaga ta saitin taga,
ya ce, "Kakana ne. Dubi nan, inda guduma ta kuskure."
Ya matse ƙusa, ya ƙi karɓar ko sisi.

Ran rabon gado Bobore bai kalli kowa ba.
"Gesuina, riƙe gonar rafi, riƙe motar.
Ba ni wuƙar."

Tana can gidansa, naɗe a tsumma, cikin durowa,
ba ta ga cuku ba, ba ta ga igiya ba.
A aljihunsa kuma ta yuro tara ce, ta goma sha ɗaya,
tabon yatsan yana nan, fari.

Ni dai kowace Lahadi in na je musu yini
sai in jawo durowar in yana waje,
in yanka burodin da ita, in goge, in mayar.
Ya sani.
Jiya na tarar an wasa ta.